A Daina Tsaga Guggul Har Ya Mutu

Duk wanda ya san dashi, wanda manoma ke kafa shinge da rassansa, zai gane guggul da gani ɗaya, domin 'yan gida ɗaya ne. Masana na kiransa Commiphora wightii. Yana fitowa a busassun dazuzzuka da duwatsun Rajastan da Gujarat a Indiya, da lardin Sindh na Pakistan. Ba kasafai yake wuce mita 4 ba. Rassansa karkatattu ne masu tsini, ɓawonsa siriri yana saɓulewa kamar takarda, ganyensa ƙanana, kuma rabin shekara ma babu su. Furensa ja-ja ne, 'ya'yansa su yi jawur idan sun nuna.

Ƙaronsa ne ya ja masa bala'i. Shekaru aru-aru masu maganin gargajiyar Indiya na amfani da shi a kan ciwon gaɓoɓi da ƙiba, suna tsaga kaɗan su bar itacen ya warke. Da kamfanoni suka fara zuba shi a kwalabe suna tallar yana rage kitsen jini, sai haɗama ta shigo. Yanzu ana zurfafa wuƙa, a shafa wa raunin wani haɗi mai ƙuna don ƙaro ya ɓulɓulo da yawa. Yakan zubo kuwa, amma itacen ya bushe ƙurmus. Ga shi da jinkirin girma, irinsa kuma da ƙyar yake tsirowa. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta IUCN ta sa shi cikin jerin tsirran da ke bakin ƙarewa.

Abin takaici, gwajin da aka wallafa a mujallar likitanci ta JAMA a 2003 bai nuna ƙaron yana rage mugun kitsen jini ba. A wasu ma ƙaruwa ya yi. Mai sayen kwalbar ya yi asarar kuɗinsa, daji ya yi asarar itacensa.

Mu ma kada mu yi dariya. A shiga kasuwar magani a ga tulin saƙe-saƙin hano, sannan a je daji a ga yadda ake sassaƙe shi zagaye, har ƙasa. Itacen da aka kewaye da sara ya mutu ke nan, ko da ganyensa na kore a ranar. Mai sassaƙa ya ɗebi gefe ɗaya, ya bar masa shekaru kafin ya dawo. Dillali kuma ya daina karɓar buhun da bai san inda aka saro shi ba.