Me ke harzuƙa mulufi da damina?

Da rani, namijin mulufi tsuntsu ne mai ruwan ƙasa, da ƙyar ake bambanta shi da mace, yana kiwo cikin garke lami lafiya. Da ruwa ya zauna a fadamun Anka, Gummi da Bukkuyum, sai ya sake gashi ja da baƙi, ya kame wani yanki na doguwar ciyawa ko bakin gonar dawa, ya kumbura yana shawagi, duk namijin da ya leƙo ya sha kora.

An saba ɗora abin a kan testostiron, sinadarin mazakuta da ke hauhawa lokacin ɗaurin sheƙa. Da gaskiya a ciki. A 1990 John Wingfield da abokan aikinsa sun nuna cewa ganin abokin hamayya kansa na iya ƙara yawansa a jini. Ribar ita ce fili mai kyau da mata fiye da ɗaya. Asarar kuma, a tsuntsayen da uba ke taya ciyarwa, namijin da aka ƙara wa sinadarin yakan rage kula da 'ya'ya.

A ganina an cika zuzuta testostiron. Wasu tsuntsaye masu waƙa a jihar Washington ta Amurka kan kare filinsu da kaka, alhali sinadarin ya yi ƙasa ƙwarai. Ƙwaƙwalwa ce ke sarrafa wani sinadari mai suna DHEA ta samar da abin da ke tayar da faɗan. Shi kansa mulufi, wani masani mai suna Emil Witschi ya tarar ko an fiɗiye shi yana sanya jar rigarsa idan lokaci ya yi, domin sinadarin LH ne ke rina ta.

Tungar Daji kuwa, wani ƙauye a Zamfara, tana da ƙarin dalilin da zai iya harzuƙa mulufinta. Tana cikin ƙauyukan da gubar dalma ta niƙan duwatsun zinariya ta afka wa a 2010, annobar da ta kashe yara kusan 400 a Zamfara. Agwagi ne ma suka fara mutuwa. Wani binciken Jami'ar Tulane na 2019 a New Orleans ya gano cewa tsuntsayen unguwannin da dalma ta yi yawa a ƙasarsu sun fi zafin kare iyaka. Ya kamata masana na Sakkwato da Gusau su duba wannan, domin da rani a ƙasa mulufi yake tsintar ƙwaya, har da 'yar tsakuwar da ke taya shi niƙa ta.