Tara Tsofaffin Kuɗin Ƙarfe

Idan Bahaushe ya ce maka, "Ba ni da ko sisi," ko kuma, "Ko anini ba zan rage ba," ka san abin da yake nufi. Amma da wuya a ce ka taɓa riƙe sisi ko anini a hannunka, domin an daina ciniki da su tun kafin a haife ka. Sunayen sun saura a bakin jama'a, su kuwa kuɗin suna kwance cikin adaka da gwangwanaye a ɗakunan kakanni. Akwai mutane a ƙasashe da yawa waɗanda suke neman irin waɗannan kuɗi, su tara su, su yi nazarinsu. A wannan darasi za ka ga irin kuɗin da za ka iya samu a unguwa kamar Agege, da abin da ke sa wani ya fi wani daraja, da yadda ake adana su.

Daga wuri zuwa naira

Kafin zuwan Turawa, Hausawa da wuri suke ciniki. Wuri ɓawon wata ƙaramar halitta ce ta teku, ana kawo shi daga tekun Indiya. Kalmar "kuɗi" ma asalinta jam'in "wuri" ce. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa wuri 2,500 ne ke daidai da dalar azurfa ɗaya. Ka ga ke nan mai babban ciniki sai ya nemi jaki ya ɗaukar masa kuɗinsa.

A 1907 aka fara buga wa Nijeriya kuɗin ƙarfe masu huda a tsakiya, don a riƙa zura musu zare kamar yadda aka saba yi wa wuri. A jikinsu akwai tauraro mai tsini shida, da rubutun boko da na Larabci. A 1912 kuma aka kafa hukumar kuɗi guda ɗaya domin Nijeriya da Gana da Saliyo da Gambiya. Ga yadda lissafin yake: anini goma kwabo ɗaya, rabin kwabo shi ne ɗari, kwabo uku taro, kwabo shida sisi, kwabo goma sha biyu sule, sule ashirin fam ɗaya.

Babban Bankin Nijeriya ya fitar da kuɗin ƙasar na farko a 1959. A ranar 1 ga Janairu, 1973, naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule. Fam ɗaya ya koma naira biyu, sule ɗaya ya koma kwabo goma. Shi ya sa har yau za ka ji dattijo yana kiran kwabo goma sule.

Abin da ya kawo su Agege

Hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Legas, wadda Hausawa kan kira Ikko, ta isa Kano a 1912, kuma ta Agege ta ratsa. Manoman Yarabawa na wannan yanki suna noman goro, 'yan Arewa kuwa suna bukatarsa. Saboda haka fataken Hausawa suka sauka a Zangon Agege, suna sayen goro, suna ɗaure shi huhu-huhu, suna aikawa Arewa ta jirgi. Daga can kuma ana kawo shanu. Da sulalla da kwabbai aka yi yawancin wannan ciniki. Idan ka tarar da kwabo mai huda a gidan da ya daɗe a Agege, mai yiwuwa ne ya sha zuwa Kano ya dawo a aljihun fatake.

Kuɗin da kansu suna ba da labari idan ka dube su da kyau. A jikin taro na 1959 akwai auduga, a sisi akwai koko, a sule akwai ganyen kwakwar manja, a sule biyu kuma gyaɗa. A kwabo 25 na 1973 an zana dalar gyaɗa irin ta Kano, amma a kwabo ɗaya na wannan shekara rijiyoyin man fetur aka sa. Jera su kawai za ka yi, ka ga yadda arzikin ƙasa ya tashi daga gona ya koma ga mai.

Me ke sa tsohon kuɗi ya yi tsada?

Mutane da yawa suna zaton tsufa kaɗai ke sa kuɗin ƙarfe ya yi tsada. Ba haka ba ne. Masu tara su abu uku suke dubawa: ƙarancinsa, da lafiyar jikinsa, da tarihin da ke tattare da shi.

Misali mafi shahara daga Amurka yake, inda wannan sha'awa ta zama babbar kasuwa. A 1933 an buga kuɗin zinariya na dala ashirin har guda 445,500. A wannan shekarar gwamnatin Shugaba Roosevelt ta hana ciniki da zinariya, don haka ba a fitar da su ga jama'a ba, daga baya aka narkar da kusan dukkansu. Kaɗan suka tsira. Ɗaya ya shiga hannun Sarki Faruk na Masar. Guda ɗaya tak doka ta yarda wani mutum ya mallaka, kuma a watan Yuni na 2021 aka yi gwanjonsa a birnin New York a kan dala miliyan 18.9. Bai kai shekara ɗari ba, amma ya fi kuɗin Rumawa da yawa tsada, waɗanda suka kusa shekara dubu biyu, saboda su ana samunsu da yawa.

Yanzu kwatanta shi da namu na gida. Sarki Edward na Takwas ya hau gadon sarautar Ingila a Janairun 1936, ya yi murabus a Disamba. A Ingila ba a kai ga fitar da kuɗi da sunansa ba, amma a Afirka ta Yamma an fitar da kwabo da ɗari da anini masu sunansa. Labarin yana da daɗin ji, sai dai an buga miliyoyinsu, don haka farashinsu bai taka kara ya karya ba. Haka kuma babbar azurfar nan mai hoton Sarauniya Mariya Tarisa ta Ostiriya, wadda fatake suka kawo ƙasar Hausa, mata kuma suka yi ado da ita. Za ka ga an rubuta 1780 a jikinta, shekarar da sarauniyar ta rasu. An ci gaba da buga ta da wannan shekara har ƙarni biyu bayan haka. Ashe shekarar da ke jikin kuɗi ba kullum take nuna lokacin da aka buga shi ba.

Wannan sani zai tsare ka daga asara iri biyu. Ta farko, kada wani ya ruɗe ka da cewa kwabon kakarka zai sayi mota, ya karɓi kuɗinka da sunan zai nemo maka mai saye. Ta biyu, kada ka raina abin da ke hannunka ka sayar wa 'yan gwangwan a kan kilo, ko ka kai wa maƙeri ya narkar ya yi zobe. Abin da aka narkar ba ya dawowa.

Yadda za ka fara

Ka fara da gida. Ka nemi izinin manya kafin ka taɓa kayansu, sannan ka tambaye su me ake saye da taro ko sisi a lokacin ƙuruciyarsu. Ka sami littafi ka rubuta sunan kowane kuɗi, da shekararsa, da inda ka same shi, da abin da aka faɗa maka. Ka duba ko akwai ƙananan haruffa kamar H ko KN a jikin kuɗin zamanin Turawa. Alama ce ta masana'antar da ta buga shi a birnin Birmingham.

Kada ka goge shi da toka ko yashi ko lemun tsami don ya yi ƙyalli. Gugar tana cinye zanen, tana kuma zubar da darajarsa. Ka riƙe shi ta gefe, ka sa kowanne cikin 'yar takarda tasa daban, ka ajiye a busasshen wuri, domin laimar Legas tana sa ƙarfe ya yi tsatsa. In ka sami dama, ka ziyarci Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Onikan a Legas, ko gidan tarihin kuɗi na Babban Bankin Nijeriya a Abuja, ka kwatanta naka da nasu. Hausawa sun ce da yayyafi kogi kan cika. Kwabo ɗaya mai huda da labarin da kakarka ta ba ka a kansa sun isa su cika shafin farko na littafinka.

Sababbin kalmomi

adaka: akwatin ƙarfe ko na katako na ajiyar kaya
fatake: 'yan kasuwa masu tafiya nesa
huhu: ƙunshin goro da aka naɗe da ganye
gwanjo: sayar da kaya ga wanda ya fi kowa tayi
murabus: sauka daga sarauta ko muƙami

Tambayoyi

1. Me ya sa aka huda kuɗin da aka fara bugawa a 1907?
2. Taro nawa ne a cikin sule ɗaya?
3. Wace sana'a ce ta kawo Hausawa Zangon Agege?
4. Kawo abubuwa uku da ke sa tsohon kuɗi ya yi tsada.
5. Yi jimla da "bai taka kara ya karya ba".
6. Tambayi wani dattijo a unguwarku abin da sisi ke saye a da, ka rubuta amsarsa cikin jimla biyar.