KUNUN YARO DA RANAR YAYE

Yau zancenmu a kan abincin ƙananan yara ne. Iyaye maza, kada ku tashi, gama maganar ta shafe ku.

A ƙauyukanmu mukan ga yaro yana shan mama, jikinsa sumul. Sa'an nan uwa ta sami ciki, sai a yaye shi rana ɗaya, a kai shi wurin kakarsa. Bayan 'yan watanni ƙafafunsa su kumbura, gashinsa ya yi ja, ba ya wasa, sai kuka. Mutane su ce ya sha ciki. Amma nonon mai ciki ba dafi ba ne. Abin da ya kama yaron nan tamowa ce.

Wata likita mai suna Cicely Williams ta ga irin wannan ciwo a ƙasar Gana. A shekarar 1935 ta rubuta shi da sunan da mutanen Akra suke kiransa, watau kwashiyoko, ma'anarsa kuwa ciwon da yakan kama yaro sa'ad da aka yi masa ƙane. Ta lura yaran nan kokon masara kaɗai ake ba su.

Ga dalili. Cikin yaro ƙarami ne, moɗa guda ta cika shi. Idan kunu ya tsinke, yawancinsa ruwa ne. Yaro ya sha, ciki ya tashi, uwa ta ce ya ƙoshi, alhali jiki bai sami abin gina kansa ba. Mai gini ba ya tā da soro da ruwan laka.

To, ƙaƙa za mu yi? Da fari, a ba jariri dakashi, kada a zubar, gama shi ne ke tsare shi daga cututtuka. Har wata 6 mama kaɗai ya ishe shi, ba ruwa, ba ɗauri. Daga wata 6 a soma ba shi kunu mai kauri, wanda zai zauna a cokali. A dama shi da garin ƙuli-ƙuli, ko garin wake, ko ƙwai dafaffe, ko garin busasshen kifi, a ɗiga man gyaɗa ko manja. A sa zogale a miyarsa. Ɗan wata 6 zuwa 8 ya ci sau 2 ko 3 a yini, wanda ya fi haka sau 3 ko 4. A ba shi akushinsa dabam, domin a taron yayyensa hannunsa ba ya sauri. Mama kuwa ya ci gaba har shekara 2, yaye kuma a yi shi sannu sannu.

Maigida, ran kasuwa kada ka kai ƙwai da gyaɗa duka. Rage na yaro, tun ba da damina ba, lokacin da rumbu ya yi ƙasa. In ka ga ƙafafunsa biyu sun kumbura, danna bayan ƙafar da yatsa. Idan ramin ya zauna, kai shi asibiti ran nan, kada ka jira kaka.

Allah ya raya mana su.