Maganin da ke ratsa fata: ina bincike ya kai?

Fatar ɗan Adam ba ta shan duk abin da aka shafa mata. Shimfiɗarta ta sama, mai kaurin mikromita 10 zuwa 20, kamar katanga take: matattun ƙwayoyin fata su ne tubalan, wani kitse kuma shi ne lakar da ta haɗe su. Ta cikin lakar nan magani ke kurɗawa kafin ya kai jini. Galibi sai ƙwayar sinadari wadda nauyinta bai haura daltan 500 ba, mai iya narkewa a mai, take wucewa. Shi ya sa tun 1979, da Amurka ta amince da filastar magani ta farko mai hana matafiya jiri da amai, magungunan da ake bayarwa ta wannan hanya ba su da yawa.

Insulin kuwa ta kai daltan 5,800, fiye da ninki goma na wannan iyaka. Mai ciwon suga da aka ce wa ya ajiye allura ya liƙa wata filasta da ake tallatawa a intanet, da ransa ake wasa. Irin wannan talla ta cancanci hukumomin magani su sa mata ido fiye da yadda ake gani.

Hanya ɗaya da masana ke gwadawa don magani ya fi ratsa fata ita ce kiristal mai gudana, wato abu mai malala kamar ruwa alhali ƙwayoyinsa na jere bisa tsari. Friedrich Reinitzer, ɗan Ostiriya, ya fara lura da shi a 1888, kuma dangin wannan kiristal ne ke aiki a allon wasu wayoyi. Na magani daga kitse ake yin sa, musamman wani mai suna monoolin. Da zarar ya haɗu da ruwa sai ya tsara kansa, ya zama siririn bangon kitse mai lanƙwasa, da hanyoyin ruwa biyu da ba sa haɗuwa, faɗinsu 'yan nanomita. Magani mai son ruwa ya zauna a hanyoyin, mai son mai ya maƙale a bangon, kowanne na fita a hankali. In aka farfasa shi ƙanana, ana kiran gutsattsarin kubosom. A kan fata yana manne sosai, yana riƙe danshi, kitsensa kuma na cuɗuwa da na fatar ya sassauta shi.

Sai dai yawancin sakamakon daga ɗakin gwaji yake, a kan dabbobi da yankakkiyar fata, ta alade ko ta mutum. Sau da yawa maganin a cikin fatar yake taruwa, abin da ya fi dacewa da cututtukan fata. Inda fasahar ta kai ga marasa lafiya sosai ma ta allura ce: Buvidal, na masu jarabar ƙwayoyin dangin ofiyom, wanda Tarayyar Turai ta amince da shi a 2018, yana rikiɗa ya zama kiristal mai gudana a ƙarƙashin fata, ya yi mako ko wata yana sakin magani.