Guzurin Bakin Ruwa: Abin da Za a Tanada Kafin a Fita da Ƙananan Yara

Ƙasar Gumel ƙasar rairayi ce. Daga Ɗanzomo zuwa Sule Tankarkar, daga Gagarawa zuwa Maigatari, ruwan da yaro ya saba da shi bai wuce na rijiya da burtsatse da randa ba, sai kududdufin bayan gari da damina ke cikawa, ya ƙafe kafin rani ya yi nisa. Amma mutanen yankin matafiya ne. Akwai masu kai iyali ziyara Haɗeja da ƙauyukan fadamar Baturiya, akwai masu zuwa yawon Sallah madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ga kuma 'yan kasuwa da 'yan ci-rani mazauna Agege da Idi-Araba a Legas, waɗanda in iyali suka sauka wurinsu, ba a komowa gida sai an je an ga teku. A irin wannan fita shiri yakan ƙare a kan ɗinkin yara da kular abinci da cajin waya saboda hoto. A ganina an juya lissafin. Abu uku ne ke iya halaka yaro ɗan shekara ɗaya zuwa huɗu a bakin ruwa: nutsewa, zafin rana da ƙazantar ruwa. Da waɗannan ukun ya kamata a auna duk abin da za a sa a jaka, kuma guzurin da ya fi kowanne muhimmanci mutum ne da aka ware domin tsaron yaron.

A fara da nutsewa, domin ita ce ba ta ba da lokaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 300,000 ne ruwa ya ci a duniya a shekarar 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Girman matsalar ne ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya, a watan Afrilun 2021, ta ware ranar 25 ga Yulin kowace shekara domin yaƙi da nutsewa. Dalilin da ya sa ƙananan yara suka fi yawa yana cikin halittarsu. Kan mai tatata ya fi ƙarfin jikinsa, in ya sunkuya kan ne ke fara rinjayarsa. Hannuwansa ba su da ƙarfin ɗago shi. Ga shi bai san tsoron ruwa ba tukuna. Ruwan da bai kai gwiwar babba ba ya isa ya kashe shi, har na bokiti da baho. Wani abin da iyaye da yawa ba su sani ba shi ne, yaron da ke nutsewa ba ya ihu. Bakinsa da hancinsa suna cikin ruwa, ɗan numfashin da ya samu bai ishe shi kuka ba. Cikin 'yan mintoci ƙwaƙwalwa ta fara lalacewa saboda rashin iska, alhali mutane na hira taku goma daga wurin.

Za a ce ai ba a zuwa irin wannan wuri sai da jama'a, kuma hannu da yawa maganin ƙazamar miya. A bakin ruwa yawan nan shi ne tarkon. A duba yadda abin ke kasancewa da zarar an shimfiɗa tabarma: uwa ta buɗe kula tana raba shinkafa, goggo tana canza wa jariri kunzugu, maigida ya juya baya yana ɗaukar manyan yara hoto, kowa ya tabbata ɗan autan yana wurin wani, shi kuwa takalminsa ya faɗa ruwa ya bi shi. Maganin wannan shi ne tun daga gida a ambaci sunan babba ɗaya ga kowane ƙaramin yaro, wanda ba shi da aikin rabon abinci, ba ya riƙe da waya, kuma ba ya yin nisan da miƙa hannu ɗaya ba zai kamo yaron ba. In zai tashi, ya miƙa amanar baki da baki: "Yaya, ga Auta nan a hannunki, zan je in yi alwala," kuma kada ya gusa sai ta amsa. Wannan aiki ba na 'yar raino mai shekara takwas ko tara ba ne. Ta iya goyo da rarrashi a tsakar gida, amma ita ma yarinya ce da wasa ke ɗauke wa hankali, in kuma ƙaninta ya faɗa za ta bi shi, a yi rashin biyu.

Bayan mai tsaro, guzuri na biyu shi ne rigar kariya daga nutsewa, in har za a shiga kwale-kwale. Mutanen arewa ba su manta da ranar 30 ga Nuwamban 2021 ba, lokacin da jirgin ruwa ya kife a madatsar Watari da ke Ɓagwai a jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Maulidi. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta daɗe tana nanata cewa kada a hau jirgi babu rigar, kada a yi lodin da ya wuce ƙima, kada a yi tafiyar dare. Rigar yaro sai ta zama daidai jikinsa: a ɗaure ta, a kama kafaɗunta a ɗaga, in ta zame ta haura kunnuwansa to ta yi masa yawa, a ruwa ficewa zai yi daga cikinta. Tayar roba da ake hurawa, da tib ɗin mota, da jarkar da yara ke rungumewa, duk kayan wasa ne, suna sacewa, suna kifewa, iska kuma tana jan su tsakiya da yaron a kai. Mai cewa rigar ta yi tsada yana da gaskiya, ba kowa ke iya sayenta saboda fitar wuni ɗaya ba. Amsar ba ta cin ko sisi: in babu rigar da ta yi wa yaro daidai, yaro ba ya hawa jirgi. A teku kuwa, igiyar ruwan Atilantika da ke Legas da Kwatano da Lome tana kayar da ƙato ta janye shi ciki, don haka wurin mai tatata shi ne busasshen yashi, can sama da inda kumfa ke tsayawa.

Sai rana. Mutumin Maigatari ba ya buƙatar a gaya masa yadda Afrilu da Mayu suke, lokacin da zafi kan haura digiri 40. Amma sabon da babba ya yi da rana bai kai ga ɗansa ba. Jikin ƙaramin yaro yana ɗaukar zafi da sauri, ruwan jikinsa yana ƙarewa da wuri, kuma wasa kan hana shi cewa yana jin ƙishi. Iskar bakin ruwa tana ƙara rufe ido, ana jin sanyi-sanyi alhali rana na dukan kai. Don haka jaka ta ƙunshi ruwan sha mai tsabta fiye da yadda ake zaton za a buƙata, a riƙa ba yaro a kai a kai tun bai tambaya ba. Jaririn da bai kai wata shida ba nono ya ishe shi, sai dai a yawaita ba shi, uwar ce za ta sha ruwa sosai. A ɗauki lema ko zane biyu da igiya domin yin rumfa inda babu bishiya, da hula mai faɗi, da riguna marasa nauyi na auduga, a ajiye shadda mai sitaci da leshi sai an dawo. A sa takalmi mai maɗauri, domin yashin tsakar rana yana ƙona tafin ƙafar yaro, ga fasassun kwalabe da ƙugiyar masunta. Baƙar fata tana rage ƙunar rana, amma ba ta hana jiki bushewa. Fita da hantsi ko bayan la'asar ta fi, kuma kada a bar yaro cikin mota a rufe ko da barci yake yi.

A gefen ruwan sha a ajiye ƙunshin gishiri da sukari na asibiti, wato ORS, da ƙwayar zinc. In babu ƙunshin, a samu lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a zuba sukari ƙaramin cokali shida a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali, a motsa har ya narke, a riƙa ba yaro kaɗan-kaɗan da zarar zawo ya fara. In idanunsa suka faɗa, maɗigar jariri ta lotsa, fitsari ya ɗauke, ko yana kuka babu hawaye, ko ya yi laushi ya ƙi sha, to an wuce maganin jaka, sai asibiti. Shi ya sa tambayar inda asibiti mafi kusa yake, da ajiye kuɗin mota a gefe, suna cikin guzuri.

Haɗari na uku ba a ganinsa da ido. Ruwan tafki da madatsa da fadama yakan ɗauki tsargiya, cutar da ke sa fitsarin jini. Ƙwayoyinta suna girma a jikin ƙananan katantanwa, su fito su huda fatar wanda ya shiga ruwan, ko da bai kurɓa ba, kuma Najeriya na cikin ƙasashen da cutar ta fi yawa a duniya. Ana maganinta da praziquantel, amma alamunta sukan yi makonni kafin su bayyana, lokacin an manta da yawon Sallah. Ruwan gishiri na teku ba ya ɗauke da ita. A ruwan daɗi kuwa gara a ɗebo na gida a jarka a zuba wa yaro a baho cikin inuwa, ya yi facal-facal ɗinsa ana kallonsa, in an gama a zubar nan take. Fo ɗin yara da leda na zuba kunzugun da ya ɓaci su ma su shiga kaya, domin fitsari da bayan gida da ke gangarawa cikin ruwa su ke ci gaba da yaɗa cutar. Haka sabulu da buta domin wanke hannu: a annobar amai da gudawa ta 2021 an samu fiye da mutum 100,000 da ake zargin sun kamu a Najeriya, sama da 3,000 suka rasu, Jigawa da Kano na cikin jihohin da abin ya fi shafa. Abinci a zaɓi wanda ke jure zafi ko mai ɓawo, kamar ayaba da lemo da dafaffen ƙwai da burodi. Fura da nono da ta wuni a rana da yankakkiyar kankanar tire a bar su. Gyaɗa da aya da dabino mai ƙwallo suna shaƙe yaron da bai kai shekara huɗu ba. In za a kwana, gidan sauro dole ne, ko da yaron yana karɓar maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake rabawa gida-gida duk wata da damina.

Saura magana biyu da akan ji. Ta farko ita ce komai ƙaddara ne, wanda kwanansa ya ƙare ko a kan gado zai tafi. Haka ne, amma malamanmu sun daɗe suna karantar da cewa tawakkali yana tafiya ne tare da ɗaure raƙumi, kuma yaro amana ne da za a tambayi iyayensa. Ta biyu ita ce, in haɗarin ya kai haka, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi, a zauna gida. Wannan ma bai warware komai ba, domin ruwan yana zuwa har gida. Kududdufin bayan gari, da ramin da aka haƙi ƙasar gini ya cika a watan Agusta, da rijiya marar murfi, da bahon wanki a tsakar gida, sun fi Tiga da teku kusa da ɗan Ɗanzomo, kuma yana ratsa su kullum. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a koya wa yara iyo daga shekara shida, waɗanda ba su kai ba kuwa kariyarsu ita ce kulawar babba da shinge tsakaninsu da ruwa. Iyalin da suka koyi ware mai tsaro, da miƙa yaro baki da baki, da haɗa ruwan gishiri da sukari saboda fitar wuni ɗaya, sun sami abin da zai yi musu aiki duk damina. Abin da zai cike shirin shi ne a samu babba ɗaya a gida ya koyi taimakon gaggawa wurin ma'aikatan lafiya ko ƙungiyar Red Cross: yadda ake hura wa yaro iska a baki da danna ƙirji, a daina juya shi a kife ana matsa masa ciki. Duk yaron da aka tsamo daga ruwa kuma a kai shi asibiti a ranar, ko da ya farfaɗo yana wasa.