Saƙa da 'Yancin Mata a Gusau, Tsafe da Bungudu

Ran 21 ga Janairu, 2017, kashegarin rantsar da Shugaba Donald Trump, dubban mata suka yi jerin gwano a Washinton, babban birnin Amurka, don neman a kiyaye haƙƙinsu. Da yawa daga cikinsu sun sa hula ruwan hoda, saƙar hannu. Tun gabanin wannan, a zamanin mulkin Janar Pinochet a ƙasar Chile, daga 1973 zuwa 1990, mata sun riƙa ɗinka labarin 'yan'uwansu da hukuma ta ɓatar a kan ƙyallaye, ana fitar da su waje duniya ta gani. A waɗannan wurare zare ya zama bakin mata. To, ko akwai makamancin haka a ƙasar Hausa? Akwai, sai dai kamanninsa dabam ne, kuma garuruwan auduga na Zamfara, watau Gusau da Tsafe da Bungudu, sun isa misali.

Ya kamata a fara da kalmar ita kanta. A Hausa "saƙa" ta haɗa aikin masaƙi a kan masaƙarsa, da saƙar tabarma, da ta kwarashi, da ta ulu wadda ake yi da sanduna biyu. Har tunani ma Bahaushe ya ɗauke shi saƙa, shi ya sa akan ce wane yana saƙe-saƙe a zuci, ko yana saƙa da warwara, ko kuwa yana saƙa da mugun zare. Kalmar da ta yi rassa haka, alama ce aikin ya daɗe cikin jama'a.

A da, tun daga ɗanyar auduga har ta zama zare, aikin mata ne. Mace ce ke gurza ta a kan magurji, ta shiɓe ta, sa'an nan ta ɗauki mazari da alli ta yi kaɗi, ta fid da zare ko abawa. Masaƙi namiji ba ya da abin saƙawa sai abin da ya fito daga hannunta. Wasu matan kuma suna da tasu masaƙa ta tsaye a cikin ɗaki, inda suke saƙa zane mai faɗi. Labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta aka buga a 1954, ya nuna yadda kaɗi yake cikin rayuwar matan ƙasar Zazzau, kuma al'adar ɗaya ce da ta Zamfara.

Muhimmancin abin yana cikin hukuncin dukiya. A shari'ar Musulunci ci da sha da tufa da muhalli suna wuyan miji, abin da mace ta samu da hannunta kuwa nata ne, miji ba shi da ikon taɓawa sai da yardarta. Saboda haka matar kulle, wadda ba ta zuwa kasuwa, tana da jakarta. Da kuɗin zare take zuba adashi, ta yi wa ƙawarta biki, ta tara wa 'yarta kayan ɗaki, ta sayi akuya ko tunkiya. In aure ya yi tsami, tana da abin riƙe kanta. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa ta ƙasar Katsina, ta rubuta a 1969 a kan wannan ɓoyayyen ciniki na cikin gidaje, wanda masu ƙidayar arziki ba su cika lissafa shi ba. Mata dai sun riga sun faɗi nasu ra'ayi a karin magana: da zaman banza gara aikin kishiya.

Zuwan zamani ya girgiza wannan sana'a. A 1929 hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta bi ta Tsafe da Gusau ta kai Ƙaura Namoda, aka riƙa gurzar auduga da inji ana kwashe ta zuwa Ingila, yadin kanti kuma yana shigowa da araha. A shekarun 1960 aka kafa babbar masaƙa a Gusau. Abin lura ga mai nazarin harshe, "masaƙa" na nufin mutanen da ke saƙa, "masaƙa" kuma wurin saƙa ne, karin sauti kaɗai ya raba su. To, masaƙar inji ta cinye kasuwar masaƙan hannu, kaɗi ya bi su. Daga baya ita ma masaƙar Gusau ta tsaya.

Mata ba su naɗe hannu ba. Sun koma ɗinkin hula, da saƙar kwarashi, da ta ulu: hular sanyi, da suwaita, da safar jarirai, waɗanda kasuwarsu ke buɗewa da hunturu da ranar suna. Makarantun 'yan mata da cibiyoyin koyar da sana'a, musamman bayan shirin kyautata rayuwar matan karkara da Maryam Babangida ta ɗaga a 1987, sun taimaka wajen yaɗa ta. Inda mata suka taru suna saƙa, a nan ake jin labarin asibiti da makaranta da katin zaɓe, wanda matan Arewa ba su samu ba sai a 1976, bayan wahalar da irin su Hajiya Gambo Sawaba suka sha.

Amma kada a zuzuta abin fiye da kima. Hula ɗaya takan ci makonni a hannun mace, ribar mai tsoka kuwa takan tsaya ga dillali da mai shago. Sau da yawa yarinya ce ke yawon tallan kayan uwarta a lokacin da ya kamata tana aji, watau 'yancin uwa ana biyansa da ilimin 'ya. Ga kuma ta'asar 'yan bindiga, wadda tun wajen 2011 take korar mutane daga ƙauyukan Zamfara zuwa cikin gari, ta bar mata da yawa da marayu. Wadda ta baro gona da dabbobi, in ta iya allura da zare, sana'arta tana hannunta duk inda ta sauka. Mai son taimakon irin waɗannan mata, abin da za su fi bukata shi ne zare mai sauƙin kuɗi, da ƙungiyar da za ta kai kayansu kasuwa ba tare da dillali ba, da kuma makaranta ga 'ya'yansu mata.