Tsikarin Lantarki a Matsayin Jagoran Lalas a Ɗakunan Sama na Zuciya

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda likitocin zuciya ke gano ainihin wurin da bugu ya rikice kafin su ƙona shi. An aro kalmomi biyu daga Hausar yau da kullum. "Tsikari" shi ne aika wa tsokar zuciya ɗan ƙaramin lantarki domin ta buga. "Lalas" kuwa, wanda makiyaya suka sani da ɗana ƙarfe mai zafi a jiki, shi ne ƙona ɗan wuri a cikin zuciya da kan siririyar waya mai suna kateta, wadda ake zurawa ta jijiyar jini daga matsematsi.

2.0 Asalin Rikicewar Bugu

Zuciya tana da ɗakuna huɗu, biyu a sama, biyu a ƙasa. Umurnin bugu yakan taso daga wani ɗan ƙulli a ɗakin sama na dama, sau 60 zuwa 100 a minti idan mutum yana hutawa. Wani lokaci lantarkin yakan sami hanya mai da'ira, ya yi ta zagayawa ba tsayawa. Sanannen misali shi ne zagayen da yake yi wa bakin ƙofar da ta haɗa ɗakin sama na dama da na ƙasa, har ɗakunan sama su riƙa bugawa sau 250 zuwa 300 a minti. Majiyyaci yakan ji faɗuwar gaba da haki da kasala. Abin tsoro shi ne jini na iya daskarewa, gudansa ya tafi ƙwaƙwalwa, ya haddasa shanyewar ɓarin jiki.

Melvin Scheinman ne ya fara yi wa ɗan Adam lalas ta kateta a San Faransisko a 1981. Sai dai abin da aka ƙona ba ya komawa yadda yake, saboda haka tilas a tabbatar da wuri kafin a taɓa shi.

3.0 Tambayar Zuciya

A 1977 Albert Waldo da abokan aikinsa, a birnin Birmingham na jihar Alabama ta Amurka, suka nuna cewa idan aka tsikari ɗakin sama da saurin da ya ɗara na zagayen kaɗan, lantarkin tsikarin yakan shiga da'irar ya ja ragamarta ba tare da ya kashe ta ba. Da zarar an daina, sai ta koma saurinta na farko. Daga baya masana suka gane cewa lokacin da bugu na farko ke ɗauka kafin ya dawo wurin katetar yana nuna nisan wurin daga da'irar.

A kwatanta da ɗan aike da aka ce ya zagaya ganuwa ya dawo. Idan daga jikin ganuwar ya tashi, lokacinsa na zagaye ɗaya ne cif. Idan kuwa daga wani ƙauye ya taso, dole a ƙara lokacin zuwa da na komowa. To, a ƙaddara zagayen yana cin milisakan 240, wato bugu 250 a minti. Likita zai yi tsikari duk bayan milisakan 220, sa'annan ya tsaya. Idan bugun ya dawo a milisakan 250, bambancin 10 ne kacal, katetar tana kan da'irar. Idan sai a 340 ya dawo, tana nesa, kuma lalas a nan ɓarna ce kawai. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada bambancin ya wuce milisakan 30.

4.0 Tabbatar da Aiki

A irin wannan zagaye akwai wata 'yar mashiga tsakanin waccan ƙofa da babbar jijiyar da ke kawo jini daga ƙasan jiki. Francisco Cosío na Madrid yana cikin waɗanda suka nuna, a 1993, cewa jan layin lalas a nan yana yanke da'irar. Amma tsayawar rikicin ba ita ce shaidar warkewa ba, domin 'yar kafa ɗaya da ta rage a layin ta isa ta dawo da shi. Don haka akan yi tsikari daga wannan gefe na layin a saurara a wancan, sa'annan a juya. Idan lantarkin ya kasa tsallakewa ta kowane ɓangare sai ya bi doguwar hanya, to layin ya rufu.

Haka ake yi a ɗakin sama na hagu. A 1998 Michel Haïssaguerre da ƙungiyarsa a Bordo ta Faransa suka gano cewa tartsatsin da ke tayar da karkarwar ɗakunan sama galibi daga jijiyoyin da ke kawo jini daga huhu yake fitowa. Bayan an kewaye bakinsu da lalas, akan yi tsikari daga cikinsu. Idan ɗakin bai amsa ba, an killace su.

Tsikari yana kuma kare majiyyaci. Jijiyar da ke motsa tantanin numfashi tana ratsawa dab da jijiyoyin huhu na dama. Yayin lalas, musamman na ƙanƙara, akan riƙa tsikarinta, hannu yana kan cikin majiyyaci. Da motsin ya raunana, sai a dakata nan take.

5.0 Kammalawa

An ga cewa tsikari yana amsa tambayoyi uku: ina za a ƙona, ina za a kauce wa, kuma yaushe aiki ya kammala. Ko da yake a yau kwamfuta tana zana taswirar lantarkin zuciya, likitoci ba su daina neman shaidar tsikari ba kafin su zare kateta.